Sanyin Ƙashi a Jikin Mata: Ba Kowane Ciwon Gaɓa Ne Yurik Asid Ba

A wannan karo za mu ajiye zancen iri da taki, mu duba hannuwan da su ke yin aikin.

A Baturiya da sauran garuruwan Kirikasamma, har zuwa Hadeja da Guri, in an yanke shinkafa a fadama sauran aikin yakan koma hannun mata. Su ne masu sheƙa, su turara, su shanya, su surfa. Su ne masu gyaran kifi da banda, su ne masu saƙar tabarma da kabar goriba. Dukan wannan aikin yatsu ne. Ranar da yatsun uwargida suka kumbura, gidan duka ya ji a jikinsa.

In haka ta faru akan ce sanyi ne ya kama ta. Yanzu kuma wata kalma ta shigo bakin mutane, wato yurik asid. Sai a hana mace wake da kifi da nama, a sayo mata ƙwayoyi a kasuwa. Sau da yawa ciwonta ba shi da dangantaka da yurik asid, abin da aka yi mata kuwa ƙara raunana ƙashinta ya ke yi. Bari mu bi maganar daki daki.

SANYIN ƘASHI IRI-IRI NE

Abin da mu ke tarawa mu kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, likitoci sun raba shi kashi da yawa. Uku ne suka fi damunmu a nan.

Na fari shi ne gogewar gaɓa. Wannan na tsufa ne da ɗaukar kaya. Yakan kama gwiwa da ƙugu da baya. Yana ƙaruwa in an yi aiki, yana lafawa in an huta.

Na biyu shi ne wanda a ke kira gawut. Yurik asid ne ke kawo shi. Yakan faɗo wa mutum farat ɗaya, galibi da dare, a gaɓa guda, musamman gindin babban yatsan ƙafa. Wurin ya yi zafi, ya kumbura, ko zane ya taɓa shi sai mutum ya yi ƙara. Bayan mako ɗaya ko biyu ya wuce, sai wani lokaci ya komo. Ya fi kama maza.

Na uku shi ne amosani mai kumburi, wanda a asibiti a ke kira rumatoyid. Shi ne abin maganarmu. A cikin wannan ciwo, garkuwar jiki da ya kamata ta yaƙi cuta ita ce ke juyowa ta auka wa fatar da ta lulluɓe gaɓa ta ciki. Ga alamunsa:

1. Yana kama ƙananan gaɓoɓi, wato yatsun hannu, wuyan hannu da yatsun ƙafa.
2. Yana kama dama da hagu tare.
3. Da safe hannu yakan sandare, mace ta kasa dunƙule shi ko ɗaura zane har rabin sa'a ko sa'a guda, ko fiye.
4. Yana ɗaukar makonni da watanni bai tafi ba, ga kasala, ga rama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi a duniya, kuma kashi 70 cikin 100 mata ne. A dā an ɗauka ciwon bai cika samun mutanenmu ba, gama binciken da Likita Brian Greenwood ya yi a Ibadan, wanda ya fito a 1969, ya sami masu shi kaɗan ne. Amma a 2010 Farfesa Adelowo da abokan aikinsa suka ba da labarin mutum 200 masu wannan ciwo da suka duba a Legas, yawancinsu mata. Ashe yana nan tare da mu.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Hadeja ta sāke. Kachala ta toshe magudanai, ruwa yakan daɗe kwance a wasu wurare, mata suna ratsa shi safe da yamma. Saboda haka mutane sukan ɗora laifin a kan ruwa. Gaskiya ce sanyi yakan sa mai ciwon ta ƙara jin zafi, amma shiga ruwa ba ya haddasa rumatoyid. Gādo yana da hannu a ciki, shan taba kuma yana ƙara haɗarinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuwa sammu ba ne.

MENE NE YURIK ASID?

Kowane mai rai yana da shi a jininsa. Dattin aikin jiki ne. Kullum tsofaffin ƙwayoyin jiki suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, yurik asid kuwa yana cikin abin da ke saura. Mafi yawansa jiki ne ke yin sa da kansa, kaɗan ne ke zuwa daga abinci. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari, sauran ya bi ta hanji.

Ku tuna da yadda kanwa ta ke. Muddin tana cikin ruwa ba a ganinta. In ruwa ya ja baya, sai ta fito fari fat a kan ƙasa. Haka yurik asid ya ke. In ya yi yawa a jini, yakan daskare ya zama ƙananan tsinke masu kaifi a cikin gaɓa. Wannan shi ne gawut.

Ga mace, in awo ya nuna fiye da miligiram 6 cikin mililita 100 na jini, an ce ya yi yawa. Ga namiji, fiye da 7. Wasu asibitoci suna rubutawa da wani ma'auni, 360 a maimakon 6, 420 a maimakon 7. Ku lura da abu biyu. Yawancin waɗanda nasu ya hau ba su taɓa yin gawut ba har ƙarshen ransu. Sa'an nan macen da ke ganin al'adarta ba safai ta ke yin gawut ba, domin sinadarin mata da ke jikinta yana taimakon ƙoda wajen fitar da yurik asid. Sai bayan al'ada ta ɗauke ne nata ke fara hawa.

Abubuwan da ke ɗaga shi su ne ciwon ƙoda, ƙiba mai yawa, giya da burukutu, lemon kwalba mai zaƙi, kayan ciki kamar hanta da ƙoda, da wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka.

Rikita ciwon nan biyu ba yau aka fara ba. A 1800 wani likita a Faris ta Faransa ya bayyana rumatoyid a jikin matalautan mata da ke kwance a asibiti, shi ma ya zaci wani irin gawut ne. Sai Likita Alfred Garrod na Landan ya nuna a 1848 cewa jinin mai gawut cike ya ke da yurik asid. A 1859 ya raba su biyu, ya raɗa wa ɗayan sunan da a ke kiransa da shi har yau. Kama da wane ba ta wane. Akan sami wadda ke da su duka biyu, amma ba su da yawa.

YADDA AMOSANI KE CIN ƘASHI

Ƙashi abu ne mai rai. Kamar ginin ƙasa ya ke, wanda kowace shekara damina ke zaizaye shi, a sāke yaɓe da rani. A cikin ƙashi akwai masu rushe tsoho, akwai masu gina sabo. Har wajen shekara 30 magina ne ke kan gaba. Daga nan a yi kunnen doki na wani lokaci. Sa'ad da al'adar mace ta ɗauke, sai masu rushewa su rinjaya. A duniya, mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 takan sami karaya saboda zaizayar ƙashi.

Mai rumatoyid kuwa, ɓarayi huɗu ne ke shiga mata:

1. Kumburin kansa. Yana zuga masu rushe ƙashi, a bakin gaɓar da ke ciwo da kuma cikin jiki duka.
2. Zama wuri ɗaya. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyin jiki yakan yi rauni, wadda ke kwance a ɗaki kuma ba ta samun rana.
3. Ƙarancin abinci, ko don ciwo ya hana ta ci, ko don an hana ta.
4. Ƙwayoyin da za mu ambata a gaba.

Zaizayar ƙashi ba ta da zafi. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje ba a ganin kome sai ranar da ɗaki ya rufta. Mace ta zame a taɓo a bakin kogi, ko ta yi tuntuɓe wajen shiga kwalekwale, sai wuyan hannu ko ƙashin ƙugu ya karye. Wata kuwa ƙashin bayanta ne ke lotsawa a hankali, tsawonta ya ragu, ta fara doro. Karayar ƙugu ga tsohuwa babban abu ne. Da yawa ba su sāke tafiya da ƙafarsu.

INA HAƊIN YURIK ASID DA ƘARFIN ƘASHI?

A nan akwai abin mamaki. Yurik asid, in bai wuce kima ba, yana cikin abubuwan da ke tare wasu guba a cikin jini. Masu bincike a ƙasashe dabam dabam sun auna jinin matan da al'adarsu ta ɗauke, suka kuma auna kaurin ƙashinsu da na'ura. Sau da yawa suka tarar waɗanda nasu ya ɗan ɗaga, amma bai fita iyaka ba, ƙashinsu ya fi kauri. A Koriya ta Kudu an ga irin wannan a ƙashin ƙugun mata masu rumatoyid.

To, sai mu ce a ƙara yurik asid domin ƙashi ya yi ƙarfi? A'a. Gidan da rumbunsa ya ke cike akan ga kaji da yawa, amma ba kajin ne suka cika rumbun ba. Macen da ke ci ta ƙoshi, mai tsoka a jiki, takan sami yurik asid da ɗan dama, takan kuma sami ƙashi mai kauri. Ramammiya takan rasa su duka. Da masu bincike suka duba mutanen da suka gāji yawan yurik asid daga iyayensu, ba su ga gādon nan ya ƙara musu ƙarfin ƙashi ba. In kuwa ya wuce iyaka ya zama gawut, shi da kansa yakan ci bakin ƙashi a gaɓa, ya kawo tsakuwa a ƙoda.

Darasin da za mu ɗauka mai sauƙi ne. Mai rumatoyid kada ta nemi ɗaga yurik asid, kada kuma ta horar da kanta da yunwa domin sauke shi. Maganin gawut, irin su alofurinol, ba ya yi wa rumatoyid kome. Wake da gyaɗa da ganye ba su kawo gawut. Nono ma rage haɗarinsa ya ke yi. Wanda ya hana mace waɗannan ya ƙwace mata tubalin gina ƙashi.

ƘWAYOYIN KASUWA

A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Likita Philip Hench ya yi wa wata mace da rumatoyid ya kwantar allurar sabon magani mai suna kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Duniya ta yi murna, aka ba shi lambar Nobel a 1950 tare da wasu biyu. Ba a daɗe ba sai aka ga abin da maganin ke yi in an daɗe ana sha.

Jikokin maganin nan su ne firednisolon da deksametazon. Suna nan a kemis da tiren masu talla a ranar kasuwa. Sau da yawa suna cikin haɗin ƙwayoyin da a ke ƙulla wa mutum a leda ba suna. Wasu mata ma suna shan su domin ƙiba. Suna kashe zafi nan da nan, shi ya sa a ke son su. Amma in aka yi wata uku ko fiye ana sha kullum, sukan hana magina ƙashi aiki, su sa jiki ya zubar da kalsiyam. Fuska ta yi fam, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi. Sukan kawo ciwon sukari da hawan jini. Mutane su ce ta murmure, alhali gara ce ke ci.

Wadda ta daɗe tana shan su kada ta bari rana ɗaya, gama yin haka yana iya kai ta ga halaka. Ta kai ledar ko kwalin wurin likita, shi zai rage mata kaɗan kaɗan. Likita ma yakan ba da firednisolon, amma ƙarami, na ɗan lokaci, yana lura.

Sai kuma masu kashe zafi irin su dikulofenak da ibufurofen. Shan su kullum yakan ƙona ciki, ya lalata ƙoda. Mun san yadda a ke kukan ciwon ƙoda a kwarin nan namu, daga Hadeja har Gashuwa. Mai aiki cikin zafin rana, tana zufa, ba ta shan isasshen ruwa, tana kuma haɗiyar waɗannan, ta ɗora wa ƙodarta kaya biyu. In ƙoda ta gaji, yurik asid ya hau, ƙashi kuma ya ƙara rauni. Saboda haka in awo ya nuna yurik asid ya yi yawa, a roƙi a duba ƙoda.

Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gaɓar da ta kumbura ba su kai ga tushen ciwon, suna kuwa buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa.

ABINCIN DA KE GINA ƘASHI

Kalsiyam shi ne tubalin ƙashi. Babba yana bukatar kamar miligiram 1,000 a rana, macen da ta wuce shekara 50 kuwa kamar 1,200. Tuwon gero da dawa da shinkafa ba su da shi sosai. A Jos, binciken da Likita Tom Thacher da abokansa suka fitar a 1999 ya nuna yara suna samun kamar miligiram 200 kaɗai a rana, kuma rashin kalsiyam ne babban dalilin gwamewar ƙafafunsu. Daga baya suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa, ya kuwa yi magani.

Mu a fadama Allah ya hore mana abin nan kusa:

1. Nono da kindirmo. Rubu'in lita na nonon da ba a tsarma da ruwa ba yana ba da kusan miligiram 300.
2. Ƙananan kifi da a ke ci har ƙashi. Kan tarwaɗa da ƙayar da a ke zubarwa, a busar, a daka, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya ko biyu a miya.
3. Kuka, zogale, rama da alayyafo.
4. Riɗi da ba a cire masa ɓawo ba, da wake, da waken suya.

Kanwa ba ta gina ƙashi. Yawan gishiri yana sa kalsiyam ya bi fitsari. Jiki kuma ba ya iya tsotse kalsiyam sai da bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Wadda ciwo ya zaunar, a fito da ita tsakar gida da hantsi kowace rana. Ta yi tafiya gwargwadon ƙarfinta. Da safe ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta motsa yatsu ɗaya ɗaya.

MAGANIN ASIBITI

Rumatoyid ba ya warkewa ƙurmus, amma ana iya kwantar da shi har mace ta koma aikinta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Watannin farko, uku zuwa shida, su ne masu daraja, gama yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. In kumburin yatsu ya kai mako shida, a tafi Babban Asibitin Hadeja ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru. A nemi awon jini na kumburi, na rumatoyid, na yurik asid da na ƙoda, da hoton hannu. Likitocin da suka ƙware a ciwon gaɓoɓi suna manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano. In karaya ce ta ƙugu ko ta baya, wannan ta fi ƙarfin maɗori, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Babban maganin rumatoyid shi ne metotireksat. Ku riƙe wannan da kyau: sau ɗaya a MAKO a ke shan sa. Shan sa kullum yana kisa. Akan haɗa shi da folik asid, akan kuma riƙa auna jini da hanta. Yakan yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga amfaninsa, kada a yi fushi a bari. Mai ciki, da mai neman ciki, da mai goyo ba su shan sa. Su faɗa wa likita gaskiya, akwai wasu magunguna da suka dace da su, ciki har da wani ɗan'uwan kulorokwin. In kumburi ya kwanta, babban ɓarawon ƙashi ya fita gida.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ciwon nan na shekaru ne, gida ɗaya ba ya iya ɗaukarsa shi kaɗai.

1. A ware wani abu daga asusun ƙungiya bayan girbi domin kuɗin mota da awon jini. A ba da shi rance, a biya da kaka.
2. A sayi maganin wata biyu ko uku tun kafin Agusta. Mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi a ƙasar Hadeja. In magani ya yanke, kumburi ya komo.
3. A sāke rabon aiki. Mai ciwon hannu ta bar daka da surfe da ɗaukar tulu, a kai hatsi inji. Ta riƙe awo, ko lissafi, ko tsaron shanya.
4. Kada a sayar da kifi da riɗi da wake duka. A bar rabon gida, a kuma tabbata uwargida ta ci, ba ragowar kwano kaɗai ba.
5. A gyara tsakar gida da bakin rijiya domin kada a zame. A sama wa tsohuwa sanda da takalmi mai kama ƙasa, da fitila da dare.
6. Magidanta, kada ku ce ragwanci ne. Wadda ta kasa buɗe hannunta da asuba ba ƙiwuya ta ke yi ba. Ku raka ta asibiti.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

Mata nawa ne a ƙungiyarku ko unguwarku da yatsunsu ke kumbura dama da hagu? Wane magani su ke sha, wa ya ba su? Akwai wadda aka hana wake ko kifi? Nawa ne kuɗin zuwa Hadeja da komowa, kuma mudu nawa kowane ɗan ƙungiya zai bayar domin a biya shi?

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ku kai wa maƙwabta labari. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba mu damina mai albarka.